Nazarin Lamari: Baƙin Aku Mai Jar Wutsiya a Yankin da Abincinsa Ya Yi Ƙaranci

Wurin da tsuntsun

Yankin yana kudu maso gabashin Ostireliya, ya hau kan iyakar jihohi biyu: kusurwar kudu maso yammacin Biktoriya, da kudu maso gabashin Ostireliya ta Kudu. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 18,000, daga Portland a bakin teku zuwa wajen Nhill a arewa, daga Keith da Lucindale a yamma zuwa wajen Natimuk a gabas. Ƙasar masu kiwon tumaki ce da manoman alkama, da dazuzzuka jefi-jefi a kan ƙasa mai yashi da garma ba ta yi sha'awarta ba.

A nan kaɗai ake samun wani reshe na baƙin aku mai jar wutsiya, wanda masana ke kira Calyptorhynchus banksii graptogyne. Tsuntsu ne babba, tsawonsa ya haura santimita 50, mai tukku a ka. Namijin baƙi ne wuluk, sai ja zur a gefe biyu na wutsiyarsa, wanda ba a gani sosai sai ya buɗe ta zai sauka. Macen tana da ɗige-ɗige rawaya a ka da fukafukai, wutsiyarta kuma ratsi-ratsi ce, rawaya da ruwan lemo. 'Ya'yan duk kamannin uwar suke ɗauka, sai namiji ya kai shekara uku zuwa huɗu kafin ya rikiɗe ya zama baƙi. Wannan kamanni zai yi amfani nan gaba wajen ƙirga.

Jinsin gaba ɗayansa ba ya cikin haɗari. A arewacin Ostireliya ana ganin garke na ɗaruruwa, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu. Rassa biyu ne ke cikin damuwa: na dazuzzukan kudu maso yammacin ƙasar, wanda dokar tarayya ta ce yana da rauni, da kuma wannan, wanda ta ce yana fuskantar ƙarewa. Ana kiyasta adadinsa a kimanin 1,000 zuwa 1,500.

Tushen matsalarsa zaɓen abinci. 'Yan uwansa na arewa suna sauka ƙasa su ci irin ciyayi kala-kala. Shi kuwa kusan ƙwayar itatuwa uku kawai yake ci. Biyu dangin turare ne masu ɓawo mai zare-zare, Eucalyptus baxteri da Eucalyptus arenacea, su ne abincin shekara duka. Na ukun bulok ne, Allocasuarina luehmannii, itace mai tsananin tauri da ke ba da iri a lokacin zafi na can, daga wajen Janairu zuwa Maris. Wurin kwanci kuma babban kogo ne a tsohon itace, galibi Eucalyptus camaldulensis, wato turaren nan da aka saba dasawa a matsayin shingen iska a Kano da Jigawa da Katsina. A nan ana sare shi yana matashi don azara da itacen girki. A can sai ya haura shekara 200 kafin ya yi kogon da wannan aku zai iya shiga.

1834 zuwa 1989: yadda dajin ya tafi

Kafin zuwan Turawa ƙasar Gunditjmara ce da Boandik da Jardwadjali da Wotjobaluk. Turawa sun zauna a Portland a 1834, tumaki suka biyo baya, sannan alkama. Bulok ya yi rashin sa'a, domin ƙasar da yake so ita ce laka mai ƙarfi, wadda alkama ma ita take so. An share kimanin kashi 97 cikin ɗari na dajinsa. Abin da ya rage yawanci tsofaffin itatuwa ne tsaye ɗai-ɗai a tsakiyar gonaki da bakin hanyoyi, ba su da masu gadonsu, saboda tumaki da zomaye suna cinye duk tsiron da ya leƙo.

Turare mai zare ya ɗan daɗe, tunda a yashi yake fita. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka gano cewa in an ƙara wa yashin sinadarai irin su tagulla da zinki yana yin ciyawar kiwo, sai aka shiga share shi da manyan injuna, musamman a ɓangaren Keith. Fiye da rabinsa ya tafi. Ostireliya ta Kudu ta fara taƙaita share daji a 1983, Biktoriya ta bi a 1989.

Akwai wani abu da manoman farko suka bari ba da niyya ba. Maimakon su sare manyan turare a wuraren kiwo, sukan sassaƙe ɓawon su kewaye gindin, itacen ya bushe a tsaye. Waɗannan matattun itatuwa, da kogunansu masu zurfi, su suka zama mafi yawan gidajen kwancin akun bayan shekaru da dama.

1989 zuwa 1997: an ba shi suna, an fara ƙirga

A 1989 masana suka tabbatar da shi a matsayin reshe mai zaman kansa. Binciken da aka yi a waɗannan shekaru ya karkata ga wurin kwanci, kuma da dalili. Matattun itatuwan suna faɗuwa da kansu, masu sayar da itacen ɗumama gida suna yanka su, manomi kuma yana ganinsu a matsayin tarkacen da ke hana tarakta wucewa. Tsuntsun ƙwai ɗaya tak yake yi. Macen takan yi kwanci kimanin kwana 30, namijin yana kawo mata abinci, ɗan tsakon kuma yakan yi kusan wata uku a cikin kogo kafin ya tashi. Asarar sheƙa ɗaya asarar shekara guda ce ga ma'auratan.

A 1996 aka fara ƙirgar shekara-shekara. Ranar Asabar ta farkon watan Mayu 'yan sa-kai sukan rarrabu cikin motoci, kowane rukuni da nasa yankin daji. Su yi tafiya kaɗan, su kashe mota, su kasa kunne. Kukan tsuntsun yana da kaushi, ana jinsa daga nesa, kuma ko bai yi kuka ba, ƙarar fasa kwanso da ruwan ganye da ƙananan rassa a ƙarƙashin itace sukan tona asirinsa. A 1997 aka kafa kwamitin farfaɗo da shi, wanda ya haɗa masana da jami'an jihohin biyu da manoma. Ƙungiyar kula da tsuntsaye da a yau ake kira BirdLife Australia ita ke riƙe da aikin.

Matakin farko: tsare sheƙa

Abu uku aka yi. Na farko, kwano. Babban ɓarawon ƙwai da 'yan tsaki wata dabba ce mai hawa itace da dare, fosom mai wutsiyar buroshi. Sai a ɗaura faffaɗan kwano mai santsi a kewaye gindin itacen da aka san akwai sheƙa, a datse duk reshen maƙwabcin itace da zai zame mata gada. Farcenta ba ya kama kwano. Aiki ne mai arha, kuma ana ganin amfaninsa a kakar da aka yi shi.

Na biyu, doka. Ƙaramar hukumar West Wimmera da ke Biktoriya ta sa a dokar tsara ƙasarta cewa ba a sare mataccen turare mai kaurin da ya haura santimita 40 sai da izini. Baƙon abu ne doka ta kare busasshen itace, kuma ba kowane mai gona ne ya yi maraba da ita ba.

Na uku, kogon roba da na katako, da ake kafawa a kan dogayen turaku ko a jikin itatuwa. Wasu tsuntsayen sun shiga sun yi kwanci, wasu kogunan kuma ƙudan zuma da wasu nau'o'in aku suka riga su. Daga baya aka ƙara da tukuici da ya kai dalar Ostireliya 500 ga wanda ya nuna sabuwar sheƙa, domin yawancinsu a filayen mutane suke, kuma ba a iya ɗaura kwano a itacen da ba a san da shi ba.

A 2000 dokar tarayya ta sa dajin bulok cikin waɗanda ke fuskantar ƙarewa. A 2006 tsuntsun ya zama alamar Wasannin Commonwealth na Melbon, da sunan Karak, ya shiga talabijin da riguna da kayan wasan yara. A 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da shirin farfaɗo da shi na ƙasa.

2003: hankali ya koma kan abinci

Duk da wannan, garken bai nuna alamar ƙaruwa ba. Binciken digirin digirgir da Paul Koch ya kammala a Jami'ar Adelaide a 2003 shi ya juya akalar aikin.

Wanda ya tsaya ya kalli yadda tsuntsun ke ci zai gane dalilin. Yakan datse ɗan reshe mai gungun kwansuna da bakinsa, ya riƙe da ƙafa, kusan kullum ta hagu, ya tsinke kwanso ɗaya, ya juya shi, ya fasa, ya lashe ƙwayoyin da ke ciki, ya yar, ya ɗauki na gaba. Ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai. Don ya ƙoshi sai ya shafe mafi yawan yininsa yana wannan aiki. Sabon kwanso yana da laushi kuma cike yake. Wanda ya shekara ya fi tauri, wani ya riga ya zubar da irinsa. Su kuma itatuwan ba kowace shekara suke haihuwa da yawa ba: ɗaya yakan yi kusan duk shekara uku, ɗayan tsakanin shekara biyu zuwa huɗu. Shi ya sa garken ke yawo daga wannan kusurwar yankin zuwa waccan yana bin inda sabon iri yake.

Tsuntsun da ba ya kiwon ɗa yana iya jure shekarar ƙaranci, ya ƙara awoyin ci. Namijin da ke ciyar da kansa da mace mai kwanci, daga baya kuma da ɗan tsako, ba shi da rarar awoyi. Kuma ba ya iya yin nisa: yawancin sheƙu suna cikin kilomita 2 daga dajin turare mai zare, da wuya su wuce 5. Kogo mai kyau da kwano a gindinsa, in babu sabon iri a kusa, zai zauna fayau.

Sai batun wuta. Turare mai zare ba ya mutuwa in wuta ta bi ta kansa, yakan toho daga jiki, bayan shekara biyu ya koma kore shar. Amma in zafin ya babbake ganyen sama, itacen yakan yi kimanin shekara goma yana ba da kusan rabin irin da ya saba. Mai wucewa a mota zai ga daji ya farfaɗo, alhali ga akun wurin ya ragu da rabi.

Daga nan aka fitar da ma'auni: kada dajin turare mai zare da wuta ta babbake samansa ya wuce kashi 15 cikin ɗari a cikin kowace shekara goma, ko gobara ce ko ƙunar da hukuma ta yi da gangan. Aka kuma fara gwada ƙuna mai sanyi, wadda ake yi lokacin da akwai laima, ta cinye busasshen ganyen ƙasa ba tare da harshenta ya kai sama ba.

2009 zuwa 2016: ma'auni biyu sun yi karo

Ranar 7 ga Fabrairu 2009, a ƙarshen fari mai tsawo, gobarar daji ta kashe mutum 173 a Biktoriya. Kwamitin bincike da aka kafa ya ba da shawara a 2010 cewa a riƙa ƙona aƙalla kashi 5 cikin ɗari na filayen gwamnati kowace shekara don rage abin da gobara za ta ci. Gwamnatin jihar ta karɓa.

Ma'aunin na hekta ne, ba na kusanci da gidajen mutane ba. Ƙona hekta goma a bayan gari yana da tsada da haɗari. Ƙona hekta dubbai a daji mai nisa yana da sauƙi, kuma lissafin yana cika da wuri. Dazuzzukan yammacin jihar, inda turare mai zare yake, suna cikin masu sauƙin. Kashi 5 a shekara, in an tara shi shekara goma, ya ninka kashi 15 fiye da sau uku. Ga kuma gobarar da tsawa ke tayarwa, wadda ba ta cikin jadawalin kowa. A waɗannan shekaru yawan dajin da aka babbake ya haura iyakar da aka gindaya, kuma da zarar ya haura babu abin da za a yi sai jira.

Masu sa ido na gwamnatin jihar da kansu sun soki ma'aunin hekta, suka ce ba ya nuna ko rayukan mutane sun ƙara tsira. A 2015 aka yanke shawarar barinsa, daga Yuli 2016 aka koma auna aikin da yadda ya rage haɗari ga al'umma. Wannan ya ba jami'an wuta na yankin damar duba taswirar abincin akun kafin su tsara ƙuna, su kauce wa dajin da ke ɗauke da sabon iri.

A gonaki: bulok yana raguwa, ana dashe

A daidai lokacin, gonakin ma suna canzawa. Masu kiwo da yawa sun koma noma, noman kuma ya koma na manyan injuna. Injin ban-ruwa mai kewayawa, wanda hannunsa ke zagaya fili kamar da'ira, ba ya aiki in akwai itace a hanyarsa. Ƙona karan alkama bayan girbi kan lashi gindin tsofaffin itatuwa. Binciken wata masaniya, Martine Maron, a yammacin Wimmera, wanda ya kwatanta hotunan sama na shekaru daban-daban, ya nuna bulok na tsakiyar gona yana ci gaba da ɓacewa bayan an kafa dokokin hana share daji. Doka ta fi iya tsare daji dunƙule. Itace ɗaya a nan, uku a can, yakan fita ta hanyar izini, a ce mai gonar ya dasa wasu a madadi.

Madadin kuwa yana da matsala. Bulok yana da mace da namiji, macen kaɗai ke ba da iri. Kuma akun ba ya kula ƙananan itatuwa, yakan zaɓi waɗanda kaurinsu ya kai wajen santimita 19, abin da kan ɗauki kimanin shekara 100. Wanda ya sare tsohuwar bulok a 2005 ya dasa goma, ya biya tsuntsayen ƙarni na gaba ne, na yanzu kuwa ya rage musu abinci.

Turare mai zare ya fi sauri, bayan shekara goma zuwa sama yakan fara ba da iri. An kuma lura cewa wanda ke tsaye shi kaɗai a fili ko a gefen daji yana ba da iri ninki da yawa fiye da na tsakiyar daji, tunda ba mai raba masa rana da ruwa. Wannan ya sa dashe a gonaki ya zama abin yi. A ɓangaren Ostireliya ta Kudu hukumar gidajen namun daji ta Zoos SA ta yi aiki da manoman wajen Lucindale da Naracoorte, ana ba su dashe da waya su kewaye wurin daga dabbobi. Abin da ya sa ya karɓu shi ne manomi ne ke zuwa ya yi wa ɗan uwansa manomi magana, kuma layin itatuwan yana kare tumaki daga iskar hunturu. Makarantun yankin ma sun shiga renon dashe.

2015 zuwa 2025: abin da ƙirga ta nuna

A 2015 an ƙirga tsuntsu 1,545, adadi mafi yawa tun da aka fara. A 2017 da 2018 an samu ƙasa da 900. Daga baya adadin ya sake haura 1,000. Masu aikin ba su ɗauki hawan ko saukar a matsayin haihuwa ko mutuwa ba. Garke ɗaya na tsuntsu ɗari biyu da aka rasa ranar ƙirga, ko iska mai ƙarfi da ta hana jin kuka, ya isa ya sauya lissafin.

Ma'aunin da suka fi dogara da shi wani ne. A lokacin sanyi garken kan taru da yamma a wurin shan ruwa, sau da yawa kwamin shanu ne a gonar wani. Mai ƙirga yakan zauna nesa da madubin hangen nesa tun kafin su iso. Tsuntsayen su sauka a itacen kusa, su daɗe suna dube-dube, sannan su riƙa saukowa kaɗan-kaɗan. Yana rubuta kashi biyu: baƙaƙe masu jar wutsiya, wato manyan maza, da masu ratsi, wato mata da yara a haɗe. Tunda maza da mata manya kusan ɗaya suke a yawa, rarar masu ratsi ita ce yaran. Tsawon shekaru wannan rara tana ƙanƙancewa, tana ɗan ɗagowa ne bayan shekarar da itatuwa suka yi iri sosai. Tsuntsun yana rayuwa shekaru gommai, saboda haka jimillar garke tana iya tsayawa cak alhali haihuwa ta ja baya, kamar garin da kasuwarsa ke cika da manya amma makarantar allonsa ta koma kango.

A shekarun baya-bayan nan an fara ɗaura na'urar naɗar sauti a jikin itatuwan sheƙa, domin kukan ɗan tsako a ranar tashinsa daban yake, ana iya sanin sheƙar da ta yi nasara ba tare da an hau an dame ta ba.

A ƙarshen Janairu 2025 tsawa ta tayar da gobara a gandun Little Desert, a gefen arewa na yankin, ta cinye fiye da hekta 90,000. Har yau reshen yana cikin jerin masu fuskantar ƙarewa.

Hukunci

Bayan kusan shekara talatin, tsuntsun bai ƙare ba, bai kuma farfaɗo ba. Kwano da dokar matattun itatuwa sun yi aikin da aka sa su, kuma da ba a yi su ba da lamarin ya fi haka muni. Amma an fara da su ne don su ake iya gani da ido, a ɗauki hoto, a rubuta a rahoton shekara. Abin da ke ƙayyade yawan yaran da ke tashi sabon iri ne a kusa da kogo, kuma wannan yana hannun ruwan sama da wuta da masu gonaki.

Abin da ya fi yin ɓarna a shekarun aikin shi ne ma'aunin kashi 5. Niyyarsa ceton rai ce, ba mai musun haka bayan 2009, sai dai an auna shi da abin da ya fi sauƙin ƙirgawa, kuma shekara shida da ya yi yana aiki sun bar gurbin da dajin ke buƙatar shekara goma ya cike. Iyakar kashi 15 ta yi tasiri ne kawai inda jami'an wuta suka yarda su sa ta a tsarinsu, kuma gobarar 2025 ta nuna cewa tsawa na iya cinye babban kaso kafin hukuma ta kunna ashana.

Dashen turare mai zare shi ne matakin da ya dace da ainihin matsalar, kuma itatuwan da aka dasa a farkon aikin dashen yanzu ne suke shiga shekarun ba da iri. Sakamakonsa zai fito a ƙirgar masu ratsi a wurin shan ruwa, ba a jimillar watan Mayu ba. Batun bulok kuwa dashe ba zai warware shi a zamanin tsuntsayen da ke raye ba. A ganina duk izinin sare tsohuwar bulok mace da ake bayarwa bisa sharaɗin dasa madadi kuskure ne na lissafi, kuma a nan ne ya kamata jihohin biyu su ƙara tsaurara doka, tare da biyan manomin da ya bar itacen tsaye ya karkatar da injinsa.